Ƙofar da Inna Ta Toshe da Auduga

Duk risibar dish da ta faɗo hannuna, bayanta nake fara juyawa. Ko a shago ne, ko gidan mutane aka kira mu gyara, kafin in kalli gabanta sai na leƙa ramukan nan na baya ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikina har tsiya suke mini, wai kamar mai duba haƙoran tunkiya a kasuwa. Ni dai dariya nake yi. Ba lalacewa nake nema ba. Tamu ta gida nake tunawa.

Tamu baƙa ce, 'yar ƙarama, ko faɗin faifai ba ta kai ba. Yayana ne ya sayo ta ran kasuwar Ɗambatta. Ina tuna shigowarsa gari a bayan acaɓa, ya rungume kwali a ƙirji, dish ɗin kuma a ɗaure a bayansa kamar murfin wata ƙatuwar tukunya, yara na bin su a guje. Ƙauyenmu yana tsakanin Makoda da Ɗambatta, irin garin da in ka fito ƙofar gida ka ɗan taka sai ka ji ka a gonar wani, in ka fita gonar ka ɓulla bayan gidan wani. Turakun wuta sun zo mana tun ina ƙarami, wutar ce dai har yau tana hanya. Don haka sola Yaya ya haɗa, da batir ɗaya, da 'yar tibi, duk a ɗakin Inna.

Lokacin ban daɗe da barin makaranta ba. A aji biyu na sakandare na tsaya. Ba kora ta aka yi ba, zaman benci ne ya gagare ni. Malam na rubutu, ni kunnena na bakin titi yana bin ƙarar motocin da suke tafiya Kano. Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya miƙo mini fartanya. Ita ma fartanyar, wallahi, hannuna ne kawai a kanta.

Ran da aka kafa dish ɗin, Yaya na kan katanga yana juya shi, ni ina ɗaki ina kallon wani ɗan layi a tibi, wanda ya ce in ya koma kore in yi magana.

"Auta, ya kawo?"

"Bai kawo ba!"

"Yanzu fa?"

"Ya leƙo ya koma!"

"Kai dalla buɗe idonka. Ko har kore ma sai an je aji uku ake sanin sa?"

Da ya kama, sai ga dish ɗin ya fuskanci gabas. Inna ta fito daga madafa ta tsaya ta kalle shi, ta ce, "To, ashe shi ma ya san alƙibla."

A ranar Yaya ya zaunar da ni ya nuna mini komai, sau ɗaya, don shi ba ya maimaita magana. A gaban risibar akwai 'yar taga mai nuna lambar tasha da koren rubutu, da wani ɗan jan ido da yake kamawa in an kashe ta. Sai maɓallai a jere: na kunnawa, na tasha gaba da baya, na ƙara murya da ragewa. Bayanta kuwa gari guda ne. Ramuka uku masu launi, rawaya da fari da ja, waɗanda wayoyinsu suke tafiya tibi. Ɗan ramin wuta daga batir. Na filashi. Wani mai faɗin baki na sababbin tibi, wanda tamu ba ta san da zamansa ba. Sai tagwaye a can gefe, ƙarafa biyu da suka ɗan turo kai waje, kamarsu ɗaya, ana murɗa musu kebul kamar murfin kwalba. Kebul ɗin da ya sauko daga dish a ɗayansu yake shiga. Ɗayan haka nan yake zaune, ba kowa.

Ba a daɗe ba Yaya ya tafi Umara, ya zauna can neman na kansa, yadda wasu daga yankinmu suke yi. Kafin ya tafi ya nemo tashar nan da take nuna Ka'aba kullum, ba labarai ba talla, sai ɗawafi da karatu, ya mayar da ita lamba ɗaya.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ganin sun zauna suna hira ido da ido ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "mutumin naku". Shi ma in yana da saƙo gare ta, ni yake faɗa wa da ƙarfi, ita tana tsakar gida tana ji. Haka ya yi ran tafiyar. Yana ɗaure jaka ya ce, "Auta, ran Juma'a ka riƙa kunna wa mutan gida lamba ɗaya. In na samu hali, a can zan riƙa sallah." Inna na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Rariyar ce dai na ga ta tsaya.

Da farko yana kira a 'yar wayar Baba. Sai kiran ya fara ja da baya. Sai lambar ta daina shiga gaba ɗaya. Wani ya ce an gan shi a Jidda, wani ya ce ya canja gari, wani ya ce kama shi aka yi. Babu wanda ya zo da magana mai tushe. Abin da ya rage mana na Yaya shi ne galmarsa da take rataye a zaure, sai lamba ɗaya.

Duk Juma'a tun hantsi Inna take gama aikinta. Ta shimfiɗa tabarma dab da tibi, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a cinya tana ɓara, ta ce, "Auta, buɗe mini Makka." Haka take faɗa, buɗe, kamar ƙofa. In an nuno mutane daga sama, suna juyawa kamar fura ana damu, hannunta na aiki. Da an sauko kusa da su sai hannun ya tsaya. Kowa da farin harami, fuska ma ba ta fitowa sosai a 'yar tibinmu. Ni na san ba fuska take duba ba, ƙafa take duba. Yaya ya taɓa sare diddigensa da galma, tun daga nan yake tafiya kamar mai gudun taka ƙaya.

Baba in zai wuce masallaci yakan leƙo ya ce, "Hajiya, yau ma an tafi ɗawafin?"

"Ɗakin Allah nake kallo, Malam. Laifi ne?"

"A'a, ni wa? A dai yi mana addu'a. In kin ga wani ɗan garinmu ki gaishe shi."

"Wa na sani a can?"

Sai ya yi murmushi ya fita. Shi ma fa in ya dawo yakan tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu, wai iska yake sha.

Dokar Inna ɗaya ce a kan risibar: ba a canja tasha mai karatu yana tsakiyar aya. Ko wasan ƙwallo ya fara, ko samarin unguwa sun cika ƙofar ɗaki suna zungurina, sai in tsaya da yatsa a kan rimot ina jiran mai karatu ya kai aya ya ja numfashi. Wani sa'in ya ɗauko doguwa, har a ci ƙwallo a gidan maƙwabta mu ji ihu ta katanga. Daga baya batir ya fashe a cikin rimot ɗin ya cinye ƙarfen, ya mutu. Muka koma kan maɓallan gaba. Ni kaɗai na iya su a gidan. Inna ba ta taɓawa, Baba kuma mutumin rediyo ne, abin da ya wuce murɗawa ɗaya ba ruwansa da shi.

Da damina ta faɗi, tsawa ta bi ta kebul ɗin wani maƙwabcinmu ta ƙone masa risiba, har bayanta ya yi baƙi yana warin roba. Daga ranar, da na ga hadari ya haɗo daga gabas, ko ina gona sai in yar da fartanya in rugo in kwance kebul. In ruwa ya ɗauke in mayar.

Wata Alhamis na raka wani abokina Ɗambatta kai awaki. Ruwa ya tare mu, rafin hanya ya cika, sai a can muka kwana. Ban iso gida ba sai washegari, Juma'a, bayan la'asar. Na tarar da Inna zaune a tabarmarta gaban tibi, shi kuma ya yi shuɗi fetal, da ɗan rubutun nan na Turanci yana yawo a tsakiya, mai cewa babu sigina. Gyaɗar na cinyarta, ko ɗaya ba ta ɓare ba.

Ashe da hadarin ya taso Baba ne ya zare komai, don gudun tsawa. Da gari ya waye ya zauna ya mayar da wayoyi masu launi daidai, don launi ba ya ɓuya. Da ya zo kan tagwaye sai ya murɗa kebul a ɗayan. Na juyo bayanta, na kwance, na mayar a ɗan'uwansa, sai ga Makka. Amma can har an yi magariba, an kunna fitilu, taron Juma'a ya daɗe da watsewa.

Baba ya ce, "Wai nan da nan ɗin ne bambancin? Ai kamarsu ɗaya."

Inna ta tashi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ranar tuwon ma sai daga baya ta ci, ta kuma rage.

Da Sallah taubashina ya zo gida, ɗan kawuna. Shi yana wata unguwa a gefen Abuja, suna kafa dish da sola a gidajen mutane. Ya same ni a zaure ina gyara wa wani tocila.

"Bawana, har yanzu kana nan kana gadin gero?"

"Uban gidan da ba ya ciyar da bawa. Me ka zo mana da shi, ban da wannan takalmin mai kama da kwalekwale?"

"Aiki na zo maka da shi, ɗan ƙauye. Maigidanmu na neman yaro mai hannu. In an gama kaka ka taho. Ko sai na sa maka igiya?"

Wallahi tun kafin ya rufe baki zuciyata ta riga ta hau mota. Abin da nake jira ke nan tun ina benci. Baba bai hana ba. Ya ce, "Jikinka ne a gona, kai ba ka nan. In ta yarda, ka je." Ita kuwa Inna da na faɗa mata, tana wanke wake, ba ta ce kar ka tafi ba, ba ta ce Allah ya kiyaye ba. Cewa ta yi, "Wa zai buɗe mini Makka?"

Na kwana biyu ina jin haushi, har da ita, har da Yaya, har da risibar. A ce 'yar akwati ce za ta ɗaure ni a gari? Amma in na tuna ta zaune gaban shuɗin tibin nan sai in ga ba zan iya tafiya haka ba. Na yi tunanin koya wa wani yaron maƙwabta, sai na ga ba kullum yake nan ba, kuma in hadari ya taso kowa nasa gidan yake gudu. Sai na ce, "Inna, ke zan koya wa."

"Ni? Da tsufana? Ko sunana ban iya gane wa a takarda ba."

"Ba karatu ba ne. Kin iya kitso, wannan ne zai gagare ki?"

Ran da muka fara, sai da ta tashi ta yi alwala. Na ce Inna, roba ce fa da ƙarfe. Ta ce, "Ƙur'ani ba ta cikinta yake fitowa ba?"

Gaban bai ba mu wuya sosai ba. Matsalar yatsunta ne, sun yi kauri da aiki, in ta danna ɗaya sai ta haɗa da na kusa. Tana neman ƙara murya sai ga mu a tashar masu dambe, ta zabura ta ce, "A'uzubillahi, mayar da ni!" Sai ta koma dannawa da gefen ɗan ƙaramin yatsa. Ta gane lamba ɗaya a 'yar tagar, ta ce ai sanda ce a tsaye. In ta ɓata, ta yi ta danna na baya har sandar ta fito ita kaɗai.

Da muka juya baya, wayoyi masu launi ita ta raɗa musu suna. Rawayar ta ce ɗorawa, farar nono, jar kuma goro. Na zare ɗorawa, hoto ya tafi, karatu na ci gaba. Na mayar na zare nono da goro, mutane na ta juyawa shiru. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ɗorawa ido, nono da goro kunne." Ramin filashi kuwa muka tarar zanzaro ya cika shi da laka ya yi ɗaki. Na ɗauko tsinke zan ƙwaƙule, ta riƙe mini hannu. "Kana amfani da shi? To bar masa. Shi da ya samu wuri ya zauna."

Sai muka zo kan tagwaye. Nan ne fargabata take, don nan Baba ya faɗi. Akwai ɗan rubutu ƙarƙashin kowanne, ƙanana ƙwarai, kuma ɗan Turancin da na tsira da shi daga makaranta ya isa in karanta su.

Na ce, "Kin ga wannan? Ƙofar shiga ce. Ta nan Makka take shigowa daga dish. Wannan kuma ta fita ce."

"Fita zuwa ina?"

"In da akwai wata risibar a wani ɗaki, sai a ja kebul daga nan a kai mata."

"In babu fa?"

"Sai a bar ta haka."

"A buɗe?"

"A buɗe."

"Tun yaushe take a buɗe?"

"Tun ran da Yaya ya kawo ta."

Ta sa yatsa ta shafa bakin ƙarfen, ta duba yatsan, yadda take yi wa gindin randa in tana zargin yoyo. Ta daɗe tana kallon sa. Can ta ce, "Shi ya sa."

"Shi ya sa me, Inna?"

"Shi ya sa mutanen ba sa cika. Suna shigowa ta nan, wasu na zurarewa ta nan. Kai kuma kana zaune ba ka faɗa ba."

Dariya ta taso mini har wuya. Na buɗe baki zan ce mata babu abin da yake zuba, ba ruwa ba ne. Sai Baba, da ban san yana bakin ƙofa ba, ya yi gyaran murya. Na ɗago. Ya girgiza mini kai kaɗan.

Inna ta tashi ta buɗe tsohuwar ƙwaryar kayan kaɗinta, ta tsinko auduga, ta ɗauko ɗan ƙaro. Ta ce in kashe. Na kashe, na zare wuta. Ta murza audugar a tafin hannu ta cusa a bakin ramin, ta naɗe kan ƙarfen da sauran, ta jiƙa ƙaro ta shafe shi tsaf, kamar mai liƙe bakin gora. Ta ce kar a kunna sai ya bushe.

Ina kallon ta sai na ga abin da ya faru. Tagwaye sun daina kama. Ɗaya ya yi farin rawani, ɗaya na nan tsirara. Ko a cikin duhun hadari, ko da lalube, babu yadda za a yi a sake murɗa kebul a inda ba nan ba. Abin da ya ɗaure ni a gari, ita ta kwance shi da hannunta.

Ita ma ta gani. Ta ɗauki kebul ɗin ta murɗa a ƙofar shiga, ta kwance, ta sake murɗawa. Ta goge hannu a zani ta ce, "To ga shi na iya. Sai ka tafi."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ni auta ne, ni ba a jin kunyata. Ni ake zagi a gaban mutane, ni ake ɓoye wa ƙanzo, ni ake ja wa kunne. Ranar ce farko da Inna ta yi mini magana tana kallon wani wuri.

Juma'ar da ta biyo ita ta buɗe Makka da kanta. Ina kwance a gefe ina kallon ta. Ana cikin nuno mutane kusa sai hannunta ya tsaya, ta matsa gaba har gyaɗa ta zube. Ni ma na tashi zaune, amma kafin in duba an koma nuno su daga sama. Ta ce, "Allah sarki," a hankali. Ta tsince gyaɗarta. Baba ya leƙo ya ce yaya ɗawafin yau, ta ce, "Yau an cika." Ban tambaye ta wa ta gani ba. Ko na tambaya ba za ta faɗa ba.

Muka yanke gero, muka cire gyaɗa, aka ɗaure dawa aka kai rumbu. Ran tafiyata da safe ta ba ni ƙulli a leda, ƙuli-ƙuli da yaji. Ina sa takalmi ta ce, "Can inda za ka, lamba nawa ne?"

"Lambar me?"

"A nan." Ta nuna risibar da haɓa.

"Inna, ba a nuno wurin."

"Ko ran Juma'a?"

"Ko ran Juma'a."

"To," ta ce. "Allah ya tsare. Ka riƙa sallah a kan lokaci, kar ka ga ba mai ganin ka."

Ba ta raka ni ko zaure ba. Ina wucewa ta ƙarƙashin galmar Yaya na ji karatu ya tashi daga ɗakinta. Ba ma Juma'a ba ce.

Yanzu ina nan. Aikin da nake so na samu, ba ƙarya. Na hau benaye, na ga risibobi iri-iri, wasu ko maɓalli ɗaya ba su da shi a gaba, in rimot ya ɓata sai dai a zauna a kalle su. Yawancin sababbin ma rami ɗaya suke zuwa da shi na kebul, an daina yin ɗan'uwan. Masu gidajen ba sa sanin ko akwai wani abu a baya. Nan babu wanda yake alwala kafin ya taɓa, babu mai jiran a kai aya. Har yanzu ni in zan canja tasha na tarar ana karatu sai yatsana ya tsaya da kansa, taubashina ya ce, "Bawana, sallah kake ko aiki?"

Na zaci in na fito hankalina zai kwanta. Sai ga shi yanzu in na ji ƙarar mota, wadda ta nufi arewa nake bi da kunne. Abin da nake kewa ma ba wani babba ba ne. Ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Ƙarar ɓawon gyaɗa a ƙwarya. Ɗumin bayan risibar nan in na sa hannu ina laluben kebul. Na Yaya kuwa har yau shiru.

Da rani Inna ba ta taɓa kira na ba. Baba ne yake kira, ya ce kowa lafiya, tana gaishe ka. In na ce a ba ta, sai ya ce tana madafa. Sai da damina ta faɗi, wata rana da hantsi ina kan tsani, na ga lambar Baba. Na ɗauka na ji muryarta, da ƙarfi, don ita a ganinta nisan wuri sai da ɗaga murya.

"Auta? Makka ta ɗauke."

Na sauko daga tsanin na koma gefe na toshe ɗaya kunnen. Na ce an yi tsawa ne? Ta ce an yi ruwa jiya, ta kwance kebul, ta mayar, Makka ta ƙi. Na fara tunanin ko iska ta juya dish, ko wa zan roƙa daga Makoda ya je ya duba. Ina cikin haka sai na ji wani abu a bayan muryarta. Karatu ne, a hankali, an rage shi amma bai mutu ba. Muryar nan da na sani ta lamba ɗaya.

In kebul bai zauna ba, babu hoto babu murya. Ni na koya mata hakan.

Daga can nesa na ji Baba yana cewa, "Ke wai ba ga shi nan yana..."

"Malam, da kai nake?"

Na jingina da bango. Na ce, "To Inna, juyo bayanta. A hankali. Kin yi alwala?"

"Ka ji ɗan nema. Ni za ka tuna wa?"

"Ƙofar audugar tana nan a toshe?"

"Tana nan. Na ƙara mata ƙaro. Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame."

"Ina ci. Zanzaron fa?"

"Ya yi 'ya'ya sun fashe sun tafi, wani ya zo ya gyara ɗakin. An yi shuka, gonar bayan gari ta tsira, ta bakin rafi sai an sake. Yanzu wanne zan taɓa?"

Tun daga ranar, duk ruwan da aka yi a garinmu sai na sani, don washegari Makka takan ɗauke. Wani sa'in ma ba a yi ruwan ba. Ban taɓa ce mata ina jin karatun ba, ita ma ba ta taɓa kashe muryar gaba ɗaya ba, don ba a katse mai karatu. Maigidanmu ya gane, in ya ga na sauko daga tsani da waya a kunne sai ya ce a ba injiniya wuri, ana gyara daga nesa.

Ranar farkon nan dai mun bi ramukan duka, har na wuta, har mai faɗin bakin da ba a taɓa sa masa komai ba. Da muka kai ƙarshe na ce ya kawo? Ta ce, "Ya leƙo ya koma."

Na ce, "To mu sake daga farko. Ɗorawa."

Ta ce, "Ɗorawa."